Yadda Ɗan Dillali Zai Zama Mai Kamfanin Fasaha Ba Tare da An Gane Shi Ba

Ɗan'uwa, gyara zama. In ka bi matakan nan bakwai daki-daki, na yi maka alkawari kafin Babbar Sallah za a fara kiran ka "faunda", wato wanda ya kafa kamfanin fasaha, masu zuba jari kuma su riƙa neman lambarka kamar ta mai gyaran janareto ranar biki. Shekara shida ina ba da wannan shawara a bencin mai shayi na bakin tashar Gumel, kuma har yau ba wanda ya dawo ya ce ba ta yi aiki ba. Galibinsu ma ba sa dawowa gaba ɗaya.

Babban ɗalibina shi ne Abdulfatah na Maigatari, ɗan Malam Ɗalha dillalin shanu da raguna. Uban ya yanka masa wa'adi: in Sallah ta wuce kamfanin nan bai samu mai zuba jari ba, ya ajiye kwamfuta ya dawo kara, kasuwar dabbobi, ya riƙe igiya kamar yadda kakansa ya riƙe. Abdulfatah kuwa ba abin da ya tsana a duniya irin igiyar nan. Da labarinsa zan riƙa buga maka misali.

Mataki na ɗaya: Ka samo tarihi kafin ka samo kamfani

Mai zuba jari ba kaya yake saye ba, labari yake saye. Ni kuwa na yi nazarin tarihin manyan masu wannan harka, na gano sirrin: kowanne zai ce maka ya bar jami'a bai gama ba, kuma a gareji ya fara.

Saboda haka kada ka kuskura ka gama makaranta. In tsautsayi ya sa ka riga ka gama, ɓoye takardar a ƙarƙashin katifa.

Abdulfatah ya taki sa'a, don shi jami'ar ce ta bar shi tun a aji biyu, bayan ya faɗi darasin lissafi sau uku. Na ce ya riƙa cewa, "Na fito ne da na ga ba abin da za su iya koya mini." Ba ƙarya ya yi ba. Sun gwada, sun kasa.

Mataki na biyu: Gareji

Gidan Malam Ɗalha ko keke sai na aro, balle gareji. Akwai dai babban zaure, amma kowace Laraba cike yake da baƙi, makiyaya da fatake daga Damagaram da ƙauyukanmu, masu kwana don kasuwar Alhamis. Malam Ɗalha ne mai masaukinsu: shi zai ba su tuwo, shi zai ɗaure musu dabba, shi zai sayar.

Sai Abdulfatah ya tare a rumfar awakin mahaifiyarsa, Inna Larai, ya kafa tebur, ya rubuta HEDIKWATA da gawayi. A rana ta uku akuya ta cinye tsarin kasuwancinsa, shafi goma sha biyu, ta haɗa da wayar caja.

Ya zo mini ido jajur. Na ce, "Barka! Rubuta a tarihinka cewa kamfaninka na farko ya rushe saboda matsalolin cikin gida." Masu jari suna mutuwar son wanda ya taɓa faɗuwa. Ba sa tambayar wa ya kayar da shi.

Mataki na uku: Ka warware matsalar da ba wanda ya kawo ƙararta

Manhajar da ya ƙera sunanta RagoTafe. Ka ɗauki hoton rago, mai saye ya gani a waya, ya danna, ciniki ya faɗa. Babbar manufarta ita ce kawar da dillalai daga doron ƙasa. Da tuwon dillanci a cikinsa ya rubuta wannan manufa, amma kada ka bari irin wannan ƙaramin tunani ya tsayar da kai.

Ya fara gwada ta a kan Ya'u, wani dattijon makiyayi daga Damagaram da ya shekara ashirin yana sauka a zaurensu. Ya'u ya juya wayar sama, ya juya ta ƙasa, ya ce:

"Yaro, wannan salular taka, in na sauka za ta ba ni tuwo?"

"A'a, Baba, ai ita fasaha ce."

"In an ce bijimina na sata ne, za ta tsaya gaban sarkin kara ta ce ta san ni, ta san ubana?"

"Wannan yana cikin sabuntawa ta gaba."

"To in ta sabuntu ka gaishe ta. Ina babanka?"

Na ce wa Abdulfatah tunda Ya'u ya taɓa wayar da hannunsa, ya zama mai amfani da manhaja. Daga mutum ɗaya, wato Abdulfatah kansa, zuwa biyu ke nan, bunƙasar kashi ɗari bisa ɗari cikin yini guda. Ka rubuta wannan da manyan baƙaƙe.

Mataki na huɗu: Shiga, da kuma hannu a aljihu

Baƙar riga mai gajeren hannu, ko da zafin Maigatari na gasa ƙwai a kan dakali. Tabarau mara magani. Jakar goyo, ko da ba komai ciki sai ƙuli-ƙuli. Ka riƙa sauri kamar an aike ka.

Sai dai Abdulfatah yana da wata cuta ta gado. Duk inda ya ga rago, hannunsa da kansa zai kai bakin ragon ya buɗe ya duba haƙora, ɗayan kuma ya laluba gadon baya ya ji maiƙo. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na gargaɗe shi da babbar murya: faunda ba ya taɓa kayan da yake sayarwa. Hannu a aljihu, ko rago zai gaishe ka.

Mataki na biyar: Kada ka binciki tarihin mai jari

Saƙo arba'in da ɗaya ya tura kafin wata ta amsa. Hajiya Mansura, babba a wani kamfanin zuba jari a Legas, wadda aka ce ta yi karatu a ƙasashe biyu. Za ta zo duba yankin ciniki na kan iyaka, ta ce su haɗu ranar Alhamis, sati biyu kafin Sallah. Ba a otal ba, a cikin kara.

Abdulfatah ya ce ko ya ɗan bincika daga ina ta fito. Na ce kada ya ɓata data. Mai kuɗi ba shi da ƙauye, daga jirgi ake sauke su da tabarau a fuska.

Mataki na shida: Ka nesanta kanka da dangi

Ranar ta zo. Kara ta cika ta batse, raƙuma na kallon kowa da raini, raguna kuwa sai ka ce an zazzage su daga buhu. Hajiya Mansura ta sauko daga mota, ta taka kashin shanu ko ta kalli takalminta. Wannan kaɗai ya isa mai hankali ya tsargu, amma ɗalibina yana can yana haddar tarihi.

Ya zayyano mata jami'a, ya zayyano gareji, ya kawo rushewar kamfanin farko har da sauke murya. Ta ce mahaifinsa fa? Ya ce ɗan kasuwar ƙasa da ƙasa ne. Iyaka dai ga ta can ana hangowa, ba za a ce ƙarya ba ce.

Ta nuna wani ƙaton rago. "Wannan fa, ya kake gani?"

Hannunsa ya motsa a aljihu, ya danne shi. Ya zaro waya ya ɗauki hoto. Wayar ta yi tunani, ta yi tunani, sai ta kama layin Nijar ta yi masa barka da zuwa da Faransanci.

Ana cikin haka sai ga Malam Ɗalha, riga jiƙe da gumi, goro a kumatu, yana jan rago. Ya miƙo igiya ya ce, "Abdul, riƙe mini wannan, Ya'u na jira na."

Hajiya ta ce, "Wane ne wannan?"

Abdulfatah ya bi shawarata. "Ma'aikacinmu ne. Sashen igiya."

Ta cire tabarau, ta ƙura wa tsohon ido, sai kawai ta durƙusa har ƙasa da leshinta mai tsada.

"Baba Ɗalha, ba ka gane ni ba? Mansura ce, 'yar Hussaini na Ɗanzomo. Masu jan bijimin nan mai karyayyen ƙaho."

Tsohon ya dafe ƙirji. "La ilaha illallahu! 'Yar makarantar nan? Ke ce kika zama haka?"

Ashe shekara ashirin da suka wuce ubanta ya kawo bijiminsa ɗaya tilo don ya kai ta sakandare a Gumel. Shi ya kwana a zaure, ita a ɗakin Inna Larai. Malam Ɗalha ya yini a rana yana cewa "albarka" har bijimin ya yi daraja, da aka miƙa masa la'ada kuma ya ce a saya wa yarinya littattafai.

"A ofis in an tambaye ni wa ya fara zuba jari a kaina, sunansa nake faɗa," in ji ta. Ta miƙe ta juyo. "Ma'aikacinku ka ce?"

Dillalai sun kewaye su, kowa ya kasa kunne. Malam Ɗalha ya tauna goronsa ya haɗiye.

"Gaskiya ya faɗa, 'yata. Shekara ashirin da takwas ina masa aiki. Albashin ne dai bai fara fita ba."

Kara ta kaure da dariya. Abdulfatah bai yi ba. Da zagin sa uban ya yi, da ya fi masa sauƙi. Rufa masa asirin nan ne ya kashe shi da kunya, har ya ji ƙwalla ta taho.

Mataki na bakwai: In ƙarya ta ƙare, buɗe bakin rago

Wannan matakin ba ni na koya masa ba, amma tunda ya yi aiki, nawa ne.

Ya zaro hannu daga aljihu, ya karɓi igiyar da hannu biyu, ya ce, "Baba, ka yafe mini." Sannan ya matsa ga ragon da Hajiya ta nuna, ya buɗe bakinsa, ya danna cikinsa.

"Haƙora huɗu ya sake, shekara biyu ke nan. Amma ƙibar nan ta ƙarya ce. An ba shi kanwa da safe ya yi ta shan ruwa. Gobe war haka rabinsa za ki tarar."

Mai ragon ya fara rantsuwa. Hajiya ta ce, "Tun ɗazu sai yanzu ka faɗi abin da za a zuba wa jari."

Ta zuba kuwa, amma da sharaɗi. Manhajar da aka yi don kawar da dillalai yanzu ba rago da ke shiga cikinta sai dillali ya tsaya masa da sunansa. Ya'u ma ya shiga, bayan an tabbatar masa tuwo na nan yadda yake. A takardar kamfani sunan Malam Ɗalha ne a sama, shi ne faunda, ko da yake har yau ya ɗauka wata sarauta ce. Abdulfatah kuwa kowace Alhamis yana kara, waya a hagu, igiya a dama. Ya goge labarin gareji da hannunsa, ya rubuta: "An fara a zauren mahaifina."

Ka ga dai alkawarina ya cika. Jari ya samu kafin Sallah.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu, ba shi da ƙafa, a duk abin da ya same ka. Akuyar da ta ci takardunka, jami'ar da ta kore ka, da wayar da ta koma Faransanci, duk tsakaninka da su ne. In kuma ka kai mataki na shida, ka fara tabbatarwa mahaifinka irin Malam Ɗalha ne. Ni da na gwada a kan nawa, da takalmi ya raka ni har Gagarawa.