Barista da Biron Kofur

Rigimata da Barista ta samo asali ne ranar da ya ce mini bakina tsohuwar jaka ce, ko ɗan sanda bai girgiza ba za ta zube. Na ce to, jakar dai ta girmi uwarsa.

Amma a faɗi gaskiya, gidan hayarmu bai taɓa samun mutum irinsa ba. Shi ne shugaban 'yan haya, shi ya zaɓi kansa, ba hamayya. Kwat ɗinsa ba ta san zafi ba. Jakar takardunsa ko banɗaki ba ya shiga sai da ita. Mu muka sa masa Barista, shi kuwa bai taɓa musawa ba, saboda tawali'u.

Da aka sace keken ɗinkin tela a shagon ƙasa, 'yan sanda suka tsare maigadi, wai shi ya bar ƙofar gida a buɗe. Suka ce 'yan haya su zo su faɗi abin da suka sani. Barista ya tara mu a kan matakala, ya tsaya a ta sama.

"Jama'a, tambayar 'yan sanda yaƙin zuciya ne. Babban makaminsu shiru. Za su zuba maka ido har ka ji cikinka ya ɗuri ruwa. Ka ja numfashi. Ka kalli goshinsa, ba idonsa ba. Kada ka wuce kalma uku. Ni da kuke gani, sufeto biyu suka nemi canjin wurin aiki saboda ni."

Matar maigadi tana gefe tana kuka. Ya ce ta yi a hankali, tana katse masa darasi.

Washegari muka jeru a kan bencin ofishin, ƙofar ɗakin tambaya a buɗe. Barista ya ce shi zai fara, mu koya. Ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ɗan sandan da ke bakin tebur, wani Kofur, ya tambayi sunansa, ya ɗauki biro, biro ya ƙi rubutu. Ya yarfa shi, ya hura masa iska, ya ja aljihun tebur, babu wani. Sai ya ɗago ya ƙura wa aljihun kwat ɗin Barista ido, inda biro uku suke a jere kamar lambar yabo. Bai ce uffan ba.

Barista ya kalli goshi. Ya ja numfashi, numfashi ya ƙi dawowa. Ƙafa ta sauko.

"Yallaɓai, ni ba lauya ba ne! Masinja na yi a ofishin lauya, shi ma wata bakwai. Wayar wutar da ke bayan tagata ni na ja. Makullin ƙofa kuma ni na karɓe daga hannun maigadi, na ce shugaba ya kamata ya riƙe, na manta ban kulle ba. Wallahi iyakarta ke nan!"

Kofur ya ce, "Malam, ara mini biro."

Da biron Barista aka rubuta sakin maigadi. Matarsa har da guɗa.

Da muka fito, ya gyara wuyan kwat, ya ce dabara ce, sai wanda ya yi karatu zai gane. Na ce, "Haka ne, ɗan nan. Ka dai gode wa Allah da Kofur ya buɗe baki da wuri. Da ya ƙara minti biyu, da yanzu kai ka saci keken."