Ranar da Kifi Ya Fito Daga Famfonmu

Jiya aka yi bikin buɗe famfon ƙauyenmu karo na uku. Ni Mokles, mai tuƙa keken fasinja, karatuna bai yi nisa ba, amma na iya ƙirga alluna. Famfo ɗaya ne, alluna uku, kowanne da sunan ƙungiyar da ta ce ita ta haƙa rijiyar. Ruwa kuwa ko ɗigo. Matata Shefali har yau ƙetare gonakin shinkafa take yi da tulu a kwankwaso, don ruwan tafkinmu gudawa yake sa 'yarmu.

Da sassafe shugaban yankinmu, Mai Girma Uban Ci Gaba, ya sa aka kira ni. Ya ce, "Mokles, baƙi na tafe daga birni. Zuba ruwan tafki a tankin famfon nan, a ga abu yana zuba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, bokiti nawa?"

"Daidai ɗaukar hoto."

Na zuba. Ni ba na son musu.

Abokan Haɗin Gwiwa, wato baƙin masu ba da kuɗi, suka iso, aka rataya musu furanni har wuya ya ɓace. Sai Inna Rokeya, shugabar matan ƙauye, wadda ta shekara biyu tana neman a nuna mata inda kuɗin ya shiga, ta miƙe.

"Yallaɓai, wai nawa ne zurfin rijiyar nan?"

Mai Girma ya ce, "Zauna, Inna, zurfinta ya fi ƙarfin tunaninki."

Babban baƙo ya murɗa famfo, ruwa ya zubo, aka tafa. Sai ga ɗan mitsitsin kifi tsulum cikin kofinsa, yana wutsil-wutsil.

Inna Rokeya ta ce, "Kai, lallai ta yi zurfi! Har ta tarar da kogi!"

Shefali ta mintsine ni, ta ce a hankali, "Asiri ya tonu, malam. Bana dole su haƙa ta gaske."

Amma ba banza ake zama Mai Girma ba. Ko gezau bai yi ba, ya karɓi kofin, ya ɗaga shi sama. "Jama'a, ga kashi na biyu na shirinmu: kiwon kifi mai ɗorewa!"

Baƙi suka rubuta, suka ƙara tafi. Wallahi har ni na tafa, don hikimar ta burge ni.

Yau da safe aka kafa allo na huɗu. Shefali ta ɗauki tulunta, ko kallona ba ta yi ba. Kifin kuwa na mayar da shi tafki, Inna Rokeya tana ta yi mini faɗa. Wai da na bar mata shi ya ba da shaida, tunda duk garin nan shi kaɗai ya taɓa ganin cikin aikin.