Doguwar Ƙafar Kujerar Kaka

Kujerar kakanmu ta katakon maɗaci ce, hannuwanta sun yi santsi saboda shekarun da ya yi yana dafa su yana ba da karatu a zaurenmu na Hunkuyi. Da walimar saukar ƙanena ta matso, na ce a bar mini gyaranta.

Na fito da ita tsakar gida, na goge, na shafa mata mai har jan katakon ya dawo. Ina shafawa ina hango Baffa, yayan mahaifina, a kanta da farin rawani, baƙi suna tambayar wane gwani ne ya yi wannan aiki, ni kuma ina sunkuyar da kai. Ina cikin wannan mafarki na lura ƙafarta ɗaya ta baya ta fi sauran tsawo. Na tausaya wa kafintan da ya bar duniya bai iya awo ba, na ɗauko zarto na rufa masa asiri.

Ranar walima aka mayar da ita kusurwarta a zaure, Baffa ya yi bismilla ya zauna. Kujera ta tafi da shi baya a hankali, kamar kwale-kwale, har ƙeyarsa ta jingina da bango.

"Ɗan nan," in ji shi, yana kallon rufi, "daɓen kusurwar nan a lotse yake tun ba a haifi ubanka ba. Don shi aka yi ƙafar haka."

Yanzu da guntun da na yanke ake tokare ta. In na shiga gaisuwa kuwa, sai Baffa ya janye ƙafafunsa cikin riga, ya ce, "Waɗannan haka Allah ya yi su. Kada ka auna."