Motar Asibitin da Ta Gudu Ranar Bikinta

Duk Minna, daga Bosso har Chanchaga, babu mai ƙaunar talaka kamar Alhaji Ndaliman. Shi da kansa ya sha faɗa mana, kuma mutum irinsa ba ya ƙarya. Ya buɗe rijiyoyin burtsatse bakwai, ya buɗe ajujuwan makaranta, ya taɓa buɗe kwalbati ɗaya sau biyu saboda mai hoto ya makara. Ba shi ya gina ko ɗaya ba, amma wa ke tuna birkila? Shi ya sa muke kiransa Sarkin Almakashi, shi kuwa yana amsawa da ɗaga hannu, a zatonsa sarauta ce.

A shekarar 2008 wata ƙungiyar likitoci a Kanada ta aiko wa ƙaramin asibitin Tungan Ndagi, can bayan Paiko, motar ɗaukar marasa lafiya sabuwa fil, da kwalayen magani da ledojin ƙarin ruwa. Mary, nas ɗin asibitin, ita ta shekara biyu tana rubuta musu wasiƙa, don ta gaji da ganin ana ɗora masu naƙuda a bayan babur. Alhaji bai san da zancen ba sai da kaya suka iso Minna. A ranar ya kafa Kwamitin Karɓa da Miƙawa, ya zaɓi kansa shugaba ba hamayya, ya ce a kai motar gidansa saboda tsaro.

Tsaro kam ta sha shi, har wata huɗu. Kuma don kada injin ya yi sanyi, bawan Allah ya sadaukar da kansa: duk Juma'a ya shige gaba, Ezekiel direba ya kunna jiniya, a kai shi masallaci. Ɗaurin aure ma haka. Mu da muke kauce masa a titi har addu'ar samun sauƙi muke yi wa na ciki.

Sau uku Mary tana hawo bas ta zo Minna. A na ukun ta ce, "Alhaji, akwai wani mace, Rashidatu, cikinsa wata tara, yaro ya kwanta a gicciye. In naƙuda ya zo, dole sai babban asibiti. A ba mu mota."

Alhaji ya gyara zaman hula. "'Yata, ke lafiya kika sani, ni tsari na sani. Motar da ba a ƙaddamar ba, a idon hukuma ba mota ba ce. In ta fara ɗaukar marasa lafiya yanzu, ranar biki me za mu buɗe? Kwance?"

Ranar biki ta zo. An kafa rumfuna a gaban asibitin, an ɗaura jan ƙyalle a gaban motar. Ƙauyen babu lantarki, sai Alhaji, da basirar da Allah ya ba shi, ya sa aka jona lasifika da batirin motar. Babban baƙo daga Minna bai iso ba, amma jawabi shafi goma sha biyu ba ya jira. Yana shafi na uku, wurin da ya zo na ɗaya a firamare, naƙuda ta kama Rashidatu.

Mary ta zo ta raɗa masa. Ya ɗaga mata hannu, ya ce haihuwar fari ba ta sauri. Ni dai a nan dariyata ta tsaya, don na ga fuskar mijin matar.

Mary ta sa mata huɗu suka ɗauko Rashidatu ta bayan rumfa, ta kalli Ezekiel.

Alhaji na tsakar cewa, "Ni Ndaliman, na yi alkawari, daga yau babu macen da za ta sake..." sai lasifika ta yi ɗif. Ezekiel ya fizge wayoyin, ya rufe bonet, ya ce, "Oga, sai haƙuri." Motar ta fita da jan ƙyallen a hancinta. Alhaji ya bi ta taku goma da almakashi a sama, babbar riga na harɗe shi, yana kiran a tsaya a yanka tukuna.

Bayan awa biyu Mary ta bugo waya: an yi aiki, uwa da 'ya suna lafiya. Mata suka ɓarke da guɗa, daidai lokacin da babban baƙo ke saukowa daga motarsa. Ya ɗaga musu hannu. Alhaji ma ya ɗaga, don ya tabbata tasa ce.

Baƙon ya duba filin, ya ga rumfuna, ya ga sawun taya. "Ina motar da zan buɗe?"

Wata tsohuwa ce ta amsa daga baya.

"Ta tafi aiki, ranka ya daɗe."

Shekara ashirin Alhaji na buɗe abubuwa a jihar nan, ba a taɓa faɗin haka a kan ko ɗaya ba sai ranar.