Fiyanon da Ya Cika a Hannun Likitan Haƙori

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kunnuwan da ba su gama sabawa da shiru ba, iyalan Likitan Haƙori ke sanar da 'yan uwa, abokan arziki da maƙwabta rasuwar fiyanon gidan, wato babban abin kiɗan nan mai jerin maɓallai farare da baƙaƙe kamar haƙora. Ya cika ranar Laraba da hantsi, a falo, ana tsakiyar yi masa aiki. Ya rasu yana da haƙora tamanin da biyar. Da tamanin da takwas ya zo.

Marigayin ya shigo gidan shekara goma ba kwana uku kafin rasuwarsa, a makon da Likita ya rufe asibitinsa ya ajiye aiki. Ƙarti shida suka ɗauko shi, sai da aka cire ƙofa. Baƙi ne mai sheƙi, mai kawaici, ba ya magana sai an taɓa shi. Abin takaici, kullum ana taɓa shi.

An ajiye shi gindin taga, inda maiɗakin Likita ta saba zama da kujerarta da tukwanen furanninta. Ba ta yi musu ba. Ta dai jira malamar da aka ɗauko don koya wa Likita kiɗa, ta tambaye ta a gaban mijin nata.

"Malama, shekara nawa ake yi kafin a iya wannan abin?"

"Wata shida, zai kaɗa abin da shi zai gane," in ji Malama. "Shekara uku, abin da ku ma za ku gane. Wanda za ku so a maimaita muku kuwa, ku ba shi goma."

"Na ba shi. Likita, ranar da goma ta cika ka tara mu ka kaɗa mana waƙa ɗaya, daga farko har ƙarshe, ba tsayawa. In ka yi, taga ta zama taka. In ba ka yi ba, a ba ni abata."

Likita ya yi dariya har da buga gwiwa. Shi da ya shekara talatin yana aiki da yatsu a ƙuryar bakin mutane, inda cokali ma ba ya juyawa? Ya ce uku ta ishe shi, sauran bakwai ya bar mata tukwici.

Duk wanda ya zauna da marigayin zai shaide shi da haƙuri. Awa biyu da safe, awa ɗaya da yamma, bai taɓa cewa ya gaji ba. Za a kuma shaide shi da gaskiya, wadda ita ta jawo masa ajali: abin da aka danna masa, shi yake faɗa, ba ƙari ba ragi.

Kada a ci haƙƙin Likita, ya ci gaba. A wata shida hannun dama ya miƙe. A shekara ta biyu hannun hagu ya daina bin na dama kamar raƙumi da akala. A ta huɗu ya zaɓi waƙarsa, mai tsawon minti huɗu, minti ɗaya da rabi na farkonta kuma ya zauna masa daram. Daga nan sai wata gaɓa, inda hannun hagu zai yi tsalle ya dira da ɗan ƙaramin yatsa a kan wani baƙin maɓalli. Iyali za su daɗe suna tuna muryar marigayin a wannan wuri: tin tirin tin, tin tirin tin, tin tirin... ƙwam. Sai shiru. Sai tsaki. Sai a koma farko.

Malama ta ce ya ware gaɓar ita kaɗai, ya bi ta a hankali kamar mai ɗauke da tiren ƙwai, sau ashirin kullum. Likita ya ce shi bai saba fara aiki daga tsakiya ba. Gaskiyar magana, minti ɗaya da rabin da ya iya yana yi masa daɗi, gaɓar kuwa ba ta yi. A shekara ta shida Malama ta tattara takardunta.

"Yallaɓai, shekara goma na ce. Ban ce shekara ɗaya sau goma ba."

Bayan tafiyarta ne Likita ya gano ciwon. Ya ɗauko ɗan madubinsa na leƙa baki, ya haska tocila, ya ƙwanƙwasa baƙin maɓallin, ya miƙe ya ce, "Wannan haƙorin ya ruɓe." Tun daga ranar duk baƙon da ya zo sai an nuna masa mara lafiya.

Sau ɗaya tak marigayin ya yi magana da cikakkiyar muryarsa. A shekara ta tara aka kira mai gyaran fiyano, wani dattijo mai kaurin yatsu. Da ya gama daidaita wayoyin cikinsa sai ya ga takardar waƙar a buɗe, ya zauna don gwaji, ya kaɗa ta tsaf, ya wuce gaɓar ko kallonta bai yi ba. Maiɗakin Likita ta fito daga kicin hannunta na ɗigar ruwa.

"Ikon Allah. Ashe tana da ƙarshe."

"Haka marasa lafiya suke," in ji Likita. "Da sun ga baƙon likita sai haƙorin ya daina zafi."

Jinyar ƙarshe ba ta yi tsawo ba. Ranar Laraba, saura kwana uku wa'adi ya cika, 'ya'ya sun fara isowa daga nesa, maiɗakinsa kuma ta soma fito da tukwanen furanni tana wankewa a inda zai gani. Likita ya gwada waƙar sau huɗu, ƙwam huɗu. Ya tashi ya ɗauko tsohuwar jakar aikinsa, ya sa safar hannu. Ya buɗe murfin gaba ya cire ruɓaɓɓen haƙorin. Ya ga na kusa da shi ma bai kwanta masa ba, ya cire. Ya ƙara na uku don kada ciwo ya yaɗu. Ya kama kan waya da filayar cire haƙori ya murɗa, waya ta tsinke, ta kusa da ita ta bi ta. Don ya ga tushen matsalar, ya kwance dukan jerin 'yan gudumomin da ke bugun wayoyin, ya ɗago shi, sai ya suɓuce ya faɗi a kan tayil. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce garam.

Iyali ba su zargin kowa. Suna dai tuna cewa a shekara talatin ba a taɓa jin ko auduga ta suɓuce daga wannan hannu ba. Suna kuma tuna cewa a ranar Likita ya ci abincin rana har da neman ƙari, abin da ya yi wata guda bai yi ba.

Mai gyara ya zo ya duba gawa, ya ce an daina ƙera irin waɗannan sassa tun kafin a haifi babbar 'yar gidan. Ya ɗauki baƙin maɓallin daga farantin da aka ajiye shi, ya juya shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, duk cikin tamanin da takwas babu mai lafiyar wannan. Kusan sabo ne. Kamar yatsa bai taɓa samunsa ba."

Marigayin ya rasu ya bar benci ɗaya da ya lotsa a tsakiya, da takardar waƙa mai shafi uku, biyu daga ciki fes kamar yau aka saya. Ya bar maƙwabciyar bayan katanga, wadda ke rera waƙar in tana shanya, ta tsaya daidai gaɓar ta yi tsaki, don ta ɗauka tsakin na cikin waƙar ne. Ya kuma bar Likita, wanda ke karɓar gaisuwa fuska a sake, yana gaya wa kowa, "Saura kaɗan fa. Da ya ƙara mini ko mako guda."

Za a fitar da gawa ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, ta ƙofar da ya shigo, wadda za a sake cirewa. Ba a buƙatar furanni, akwai su a gida, suna jiran taga.

Ana roƙon masu ta'aziyya kada su watse bayan an fita da shi. Babbar 'yar gidan ta ji maganar mahaifinta ta tsaya mata a rai. "Baba, ba za a ce ƙaddara ta hana ka ba," in ji ta, ta aika aka kawo sabon fiyano na lantarki, ya iso jiya Alhamis. Ba shi da waya, ba shi da guduma, haƙoransa kuma ba su ciruwa. Maiɗakin Likita ta ce wa'adi na nan yadda yake.

Za a zauna sauraron Likita ƙarfe sha ɗaya. Waƙar minti huɗu ce, amma masu uzuri kada su damu. Ba za a daɗe ba.