Mai Duba Intanet a Kan Mangwaro

Wani ne a ƙauyenmu na masu noman kofi, can kan duwatsun Tolima, sunansa ya fito cikin talakawan da gwamnati za ta biya wa intanet. Kamfanin da ya ci kwangila ya zo ya kafa masa akwati a bango. Fitila koriya a jikin akwatin tana ci ba dare ba rana, intanet kuwa ko ƙamshinsa. Shi kuma duk burinsa ya ga fuskar 'yarsa Yuleidy da ke aikatau a Madrid.

Sai aka ce mai dubawa na gwamnati na tafe daga babban birni, Bogotá. Matarsa Griselda ta ja masa kunne: wannan karon ya buɗe baki ya faɗi gaskiya. Ya ce ai yau kamfani zai gane kurensa. Amma kun san mu, duk mai laktaye Dokta ne, kuma Dokta ba ya barin gida da yunwa. Gogan naku ya yanka kazarsu ɗaya tilo, aka yi romon sancocho.

Mai dubawa ya iso cikin motar kamfanin, manajan kamfanin ne ma direba. Suka ci suka siɗe hannu. Dokta ya tambaya ko fitila na kamawa, aka ce tana kamawa. Ya tsayar da mutumin jikin akwati, ya ce ya yi murmushi, ya ɗauki hoto.

Griselda ta zungure shi da gwiwar hannu. Ya sosa ƙeya.

"Dokta, a yi haƙuri, abin fa bai taɓa aiki ba."

"Ba komai, Baba. Ka shigar da ƙorafi ta intanet."

Daga nan Dokta ya tashi aika rahoto, waya ta ce ba sabis. Ya tambaya ina ake samu. Mutumin ya raka shi bishiyar mangwaron da duk garin ke hawa in za su kira waya, har da durƙusa masa ya taka bayansa. Dokta ya daɗe a kan reshe, ya sauko yana kakkaɓe tururuwa, ya ce ya sanar da Bogotá intanet ɗin gidan lafiya lau.

"Amma Dokta, na ce maka ba ya aiki!"

"Haba Baba, in ba ya aiki, ta ina rahoton nawa ya tafi?"