Rasuwar Tambulan Mai Gane Gahawa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da leɓe a kumbure, Malam Inuwa na ɗakin shan magani na Ƙofa yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tambulan ɗinsa na gilashi, wanda aka kashe ranar Laraba da hantsi a zauren surukinsa, Alhaji Hamidu.

Marigayin ya zo daga Kano a 1951. Tsawon rayuwarsa bai ɓoye wa kowa abin da ke cikinsa ba. Aikinsa gane gahawa. A zuba dafaffiya ta huce, a ɗiga aidin ɗin wanke ciwo. In ta gaskiya ce, ba ta sauyawa. In an cakuɗa ta da soyayyiyar dawa, sai ruwan ya koma shuɗi kamar na karofi. Da haka ya kunyata 'yan tireda bakwai daga Bebeji zuwa Doguwa, bai taɓa cewa komai ba sai "ƙil, ƙil" idan cokali ya taɓa shi.

Jinyarsa ba ta kai minti goma ba. Alhaji ya dawo daga Makka bayan wata goma sha huɗu a hanya, da buhun gahawa tsaraba. Zaure ya cika, kowa ya kurɓa ya yaba. Malam Inuwa, da yake ya yi makarantar Midil, ya zaro marigayin daga aljihu don ya nuna wa jama'a ingancin tsarabar surukinsa. Ɗigo biyu. Shuɗi, a gaban Dagaci da Liman.

Lado, babban ɗan Alhaji, shi ya fara kai duka. Gorarsa ta sami Malam Inuwa a baki, haƙora biyu suka zube kan tabarma. Malam Inuwa ya ƙanƙame marigayin a ƙirji, aka kayar da shi, aka tattake yatsunsa har ya saki. Alhaji da kansa ya ɗaga taɓaryar ƙarfen da aka daka gahawar da ita. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce "tas".

Marigayin ya bar kwalbar aidin rabi, da cokali a lanƙwashe, da Fatima matar Malam Inuwa, wadda mahaifinta ya riƙe a gida tun ranar.

Za a binne ɓaraguzan gobe Juma'a bayan la'asar, a gindin darbejiyar bayan ɗakin magani. Waɗanda ke cikin tafin hannun mai shi za su biyo baya in an tsinto su. Babu zaman makoki, domin daga kushewa Malam Inuwa zai wuce zauren Alhaji, ya sha finjali uku a gaban mutanen da suka taru ranar Laraba, ya shaida cewa bai taɓa ɗanɗana gahawar Makka irin wannan ba. Sharaɗin dawowar Fatima ke nan. Ya amince. Ya dai roƙi a bar gahawar ta huce, saboda dasashinsa.